Littafin Kujerun Kawu Isyaku

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Kawu Isyaku makwancinsa a wata maƙabarta da ke bayan birnin Alƙahira, mu 'yan kaɗan a mota ɗaya, yawancinmu ɗalibai. Duk shekara idan watan nan ya kama nakan ce zan yi rubutu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in sake ajiyewa. Ba abin faɗa na rasa ba. Abin da ke hana ni shi ne ba yadda zan yi in yabi mamacin ba tare da na tona wa kaina asiri ba. Bana dai na ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa yadda abin yake.

Kawu Isyaku ƙanin mahaifiyata ne. Ya yi sama da shekara talatin yana aiki a ɗakin ajiyar takardu na majalisar dokokin jiharmu. Ba shi ne babban akawun majalisa ba, bai ma taɓa jin ƙanshin wannan kujerar ba. Shi ne mutumin nan da ke can ƙurya tsakanin kabad da kabad, wanda ba a tunawa da shi sai fayil ya ɓata. Ni kuwa karatu ne ya kawo ni Masar, na gama na maƙale, har na yi iyali. Aikina yanzu tafinta ne ga marasa lafiyar da ke zuwa daga gida: in ɗauko su a filin jirgi, in sama musu masauki, in kai su wurin likitocin unguwar Dokki in tsaya tsakaninsu. Da ciwon ƙoda ya ci ƙarfin Kawu, wurina aka turo shi, ya zauna a gidana wata goma sha huɗu.

Ranar da ya sauka jaka ɗaya ce a hannunsa, amma nauyinta ya ba ni mamaki. Da muka isa gida ya buɗe, sai ga riga uku, da hula biyu, da wani ƙunshi a cikin tsohon zanen matarsa. Littattafan rajista ne guda uku masu baƙin bango, irin na kiran suna a makaranta, ya kai wa baduku ya ɗinke masa su wuri ɗaya. A ciki akwai sunan duk wanda ya taɓa zama a kujerar wakilci daga yankin da ya zama jiharmu, tun zamanin da ake da majalisa biyu a Kaduna, ta sarakuna a sama, ta wakilai a ƙasa, har zuwa majalisar jiha ta lokacinsa. Na tambaye shi me ya hana shi haɗawa da ta sama, tunda dai ya ɗauko aiki. Ya ce na sama suna da maroƙa da 'yan fada masu riƙe musu jerin iyaye da kakanni, ko an tashe su daga barci za su zayyano. Na ƙasa kuwa ba su da kowa, ranar da suka bar kujera ranar aka fara manta su.

Yadda majalisa ke ajiye tarihin 'ya'yanta ne ya dame shi tun yana sabon ma'aikaci. Ranar rantsarwa ake jera mutane a bakin ƙofa a ɗauki hoto, a rataye a bango, shi ke nan an yi tarihi. Wanda ya shigo daga baya ta zaɓen cike gurbi ba ya cikin hoton. Wanda kotu ta ba kujera bayan shekara biyu ba ya ciki, amma wanda kotun ta kora yana nan yana murmushi a sahun gaba. Duk lokacin da soja suka zo suka rufe majalisa kuma, sai a kwashe fayiloli a jibge a wani sito mai yoyo, gara da ruwan sama su raba gadon. Kawu bai bi zama-zama na majalisa ba, kujera ya bi. Kowace mazaɓa yana ware mata shafukanta, ya rubuta wanda ya fara zama, ɗan wane ne, daga wane ƙauye ko unguwa, mece ce sana'arsa, ta yaya ya shigo, ta yaya ya fita. Idan aka raba mazaɓa biyu sai ya ja layi ya nuna inda kowane reshe ya nufa.

Inda takarda ta ƙare, sai ya koma kan tsofaffi, kuma ya gano babu inda tsofaffi ke taruwa su saki baki kamar zaman makoki. Da ya ji an yi rasuwar wani tsohon ɗan siyasa, ko ɗansa, ko direbansa, sai ya ɗauki hutun kwana biyu ya hau mota. Ya yi gaisuwa, ya zauna a gefen tabarma, ya jira a ci abinci, sannan ya jefa tambaya kamar ba da gangan ba. A danginmu har tsiya ake yi masa, idan aka gan shi ya sa babbar riga ranar aiki sai a ce ungulu ba ta jewar banza, wa kuma ya mutu? Shi dai murmushi yake yi ya wuce. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma bai taɓa karya ta ba: duk labarin da mutum ɗaya ya ba shi da fensir yake rubutawa, tare da sunan wanda ya faɗa. Sai ya sami na biyu, wanda ba tabarma ɗaya suke zama da na farkon ba, sannan ya bi kai da shuɗiyar tawada.

Wannan ƙa'idar ce ta sa ya hana a yi wa littafin hotokwafi. A layinmu na Dokki shagunan kwafi sun fi na burodi yawa, na ce masa ya bari in kai a yi mana ko da guda biyu, ajiya maganin wata rana. Ya ɓata rai kamar na zage shi. Ya ce injin nan ba shi da tarbiyya, fensir da tawada duk baƙi yake fito da su, kuma da zarar abin da ba a tabbatar ba ya shiga hannun mutane a takarda, ya zama gaskiya ke nan har abada. Ya ce sai ya gama tukuna. Mutum ne da ake wanke masa ƙoda sau uku a mako, amma yana maganar gamawa kamar an yi masa alkawarin shekara ashirin.

Alƙahira kuwa ta yi masa daɗi ta wannan fuskar, domin rabin tsofaffin 'yan siyasar Arewa a ɗakunan jiran likita na Dokki suke ƙarasa rayuwa. Sai in bar shi a kujera in je karɓo sakamakon gwaji, in dawo in tarar ya tsare wani dattijo mai ciwon gwiwa yana tambayarsa wa ya gaji wane a mazaɓa kaza, kuma shin mutuwa ya yi ko kayar da shi aka yi. Wasu su ji daɗi su yi ta zuba, wasu su ɗauka ɗan leƙen asiri ne. Nakan ji kunya, in ce Kawu yalla mu tafi, likita na jira. A raina kallon tsoho mai taurin kai nake yi masa, wanda ya rasa abin yi da sauran kwanakinsa. Allah Ya yafe mini.

Akwai suna ɗaya da ya fi tsaya masa a rai, Haruna Majemi. Wani mai jimar fata ne da ya ci zaɓen cike gurbi a zamanin majalisar Kaduna, bayan mai kujerar ya rasu. Watanni kaɗan ya yi yana zama, sai ya tattara iyalinsa ya bi hanyar gabas ta ƙasa da niyyar aikin hajji, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba ya cikin kowane hoto. Mutum ɗaya tak ya ba Kawu labarinsa, wani tsoho da ya ce gidansu na kallon na Harunan, don haka shafin gaba ɗaya da fensir yake: sunan ƙauyen, sunan uban Haruna, sunan tsohon da ya ba da shaida. Kawu ya san da yawa daga masu bin wannan hanya a Sudan suke yada zango har zangon ya zama gida. Da ya ji akwai Hausawan Sudan a Alƙahira sai ya matsa mini, na ɗauke shi a tasi muka je kasuwar Ataba, yana dogara sanda yana bin masu shaguna ɗaya bayan ɗaya. Ba mu sami komai ba sai gajiya, ya kwana biyu bai iya tashi ba. Ya sha buɗe mini shafin nan yana nuna mini da yatsa, ni kuwa idona na kai, hankalina na kan wayata.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, da hantsi, ya sa na ɗauko littafin na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana shafa bangon, sannan ya ce:

"Bashari, majalisa za ka ba. Ka ji ni da kyau, ban ce ɗan majalisa ba. Ɗan majalisa baƙo ne, kujera ce 'yar gida."

Na ce na ji, Kawu. Wannan ita ce wasiyyarsa kaf, bai yi maganar gida ko gona ba, domin ba shi da su.

Ba zan ce ban yi ƙoƙari ba, amma ƙoƙarin malalaci ne. Shekarar da ta biyo baya na je gida da littafin, na nufi majalisa, na tarar ana hutu. Wanda ya gaji teburin Kawu, wani matashi mai kirki da ko sunan Kawu bai taɓa ji ba, ya ce ba shi da ikon karɓar komai sai na rubuto wasiƙa an sa hannu daga sama. Na rubuta, na jira mako uku, hutuna ya ƙare, na naɗe littafin na dawo da shi Masar. Amsar wasiƙar nan har yau tana hanya. Daga nan sai na ce ai ba sai na wahala ba, tunda majalisar da ƙafarta take zuwa Alƙahira. Suna zuwa duba lafiya, suna zuwa taron bita na kwana biyar wanda kwana huɗunsa a Ataba ake yi wurin sayen akwatuna da dogayen riguna, kuma ni nake yi musu tafinta. Duk wanda na samu sai in kawo maganar littafin. Kowa ya ce ma sha Allahu, wannan ai taska ce, bari mu koma gida mu zauna da shugaban majalisa. Kafin ya zauna da shugaban an tsige shugaban, kafin a zauna da sabon an yi zaɓe, wanda na yi magana da shi ya zama tsohon ɗan majalisa mai neman kwangila. Shekara biyar na yi ina wannan zarya a cikin gari ɗaya.

Sai Allah Ya kawo wani da ba zan kama sunansa ba, zan dai kira shi Mai Girma kamar yadda mutanensa ke kiransa. Shugaban wani kwamiti ne, dattijo mai natsuwa, ya zo aikin ido ya sauka a unguwar Ma'adi. Shi kaɗai ne a cikinsu ya ce in kawo ya gani. Ya sa tabarau da ido ɗaya a rufe, ya buɗe shafin mazaɓarsu, sai ga sunan mahaifinsa da shuɗiyar tawada, da sana'arsa, da yadda soja suka tashe su daga zama. Ya cire tabarau ya share hawaye a gabana. Ya ce majalisa na shirin wani babban bikin cika shekaru, kuma wannan littafin shi za a buga a raba, da sunan Kawu a bango. Ya ce in kawo masa ranar da zai tashi.

Matata ce ta yi mini magana. Ta ce tunda ka ƙi kwafi, ga waya a hannunka, ka ɗauki hoton shafukan, ai waya tana nuna shuɗi tana nuna fensir, dalilin Kawu bai hau kanta ba. Gaskiya ta faɗa, na kuma san gaskiya ce. Amma na riga na mayar da hanin Kawu kamar wani hukunci da aka saukar, ga shi shafukan sun yi yawa, ga marasa lafiya uku a wuyana a makon. Na ce gobe. Goben ta zo, aka kira ni cewa an matso da jirgin Mai Girma, in hanzarta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka na shiga jirgin ƙasa zuwa Ma'adi da ƙunshin a hammata ina cewa zan ɗauki hoton a can.

Na tarar da falo cike da 'yan rakiya, akwatuna a bakin ƙofa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa da hannu biyu. A cikin aljihuna akwai takardar da na rubuto, layi uku, cewa ya karɓi littafi kaza a madadin majalisa, saura sa hannu kawai. Ban iya fito da ita ba. Mutumin a haife ya haife ni, ya yi kuka a gabana, ga jama'arsa zaune suna kallo. In ce masa ya sa mini hannu, ko ya dakata in ɗauki hoto, ai kamar na ce masa ban yarda da shi ba ne a bainar mutane, kuma ba haka aka rene mu ba. Ya karɓa ya miƙa wa wani na bayansa ba tare da ya waiga ba, ya sa mini albarka. Na fito ina jin daɗi, har ina gaya wa kaina na sauke amana. Sai da na hau jirgin komawa maganar Kawu ta faɗo mini, na kore ta da cewa shugaban kwamiti ai majalisa ne.

Shekarar farko idan na kira yana ɗauka, ya ce littafi na nan a ofis, ana aiki a kai. Aka yi bikin, wani ya kawo mini ɗan littafin da aka raba. Takarda mai sheƙi, kowane ɗan majalisa mai ci da shafinsa guda da hotonsa da jerin rijiyoyin da ya haƙa. Can a ƙarshe aka liƙa sunayen na da, kuma kallo ɗaya na yi na gane daga hotunan bango aka kwafo su, domin duk wanda na san Kawu ya sha wahala kafin ya samo shi babu shi a ciki. Na kira, ya ce lokaci ne ya ƙure, za a yi bugu na biyu. Bayan nan ya faɗi zaɓen fid da gwani, aka kwashe ofishinsa. Ya ce in tambayi sakatarensa, sakataren ya ce an yi masa canjin wurin aiki, in tambayi masinja, masinja ya yi ritaya ya koma ƙauye. Maganarmu ta ƙarshe da Mai Girma ba ta kai minti biyu ba.

"Malam Bashir, wai tsohon littafin nan? Ma'alish, ka san yadda ƙaura take. In an gani za a neme ka."

Kalmar ma'alish ɗin ma, wato yi haƙuri, a nan Masar ya koye ta, a bakina. An ce kunyar mara kunya asara ce, amma ba zan ɗora masa duka ba. Ban yi zaton ya sayar ko ya ɓoye ba. Na fi zaton abin bai kai masa matsayin da zai tuna inda ya ajiye ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga majalisun yau. Mutum ya kwana a jam'iyya ɗaya ya tashi a wata, kotu ta cire wannan ta sa wancan, kotun sama ta mayar da na farkon, har mutanen mazaɓa su rasa wa ke wakiltarsu a wannan makon. Ina jin ba zai yi mamaki ba, ya ga irinsa, sai dai ya ƙara shafi. Abin da zai ƙona masa rai shi ne jerin sunayen da ke yawo a wayoyi yanzu, wannan ya kwafo daga wancan, kuskure ɗaya ya haifi jikoki. Na ga wani jerin da aka bar mazaɓarmu fayau na tsawon zamani guda, kamar ba a taɓa haihuwar mutum a can ba, alhali na san Kawu ya cike gurbin nan da tawada. Kuma babu ɗan majalisar da abin ya dama, domin kowannensu gani yake tarihi daga ranar rantsar da shi ya fara. Ba sa kallon hotunan bango su ce gobe haka za a manta da mu.

Da a nan abin ya tsaya, da na ci gaba da haɗiye takaicina ni kaɗai, in ce tarihi ne ya yi asara, tarihi kuwa ba ya jin yunwa. Amma bara na raka matar wani mara lafiya sayayya Ataba, ina tsaye ina jiranta sai na ji Hausa a bayana, irin mai gauraye da Larabcin Sudan. Wata tsohuwa ce zaune a kan kujerar roba kusa da tiren turaren wuta, jikarta na sayarwa. Na gaishe ta, ta riƙe hannun rigata kamar ta ga ɗan'uwa. Sunanta Hajiya Batula, yaƙin da ya tarwatsa Sudan ne ya koro su, su bakwai a ɗaki ɗaya. Jikar, Sumayya, ma'aikaciyar jinya ce a can kafin komai ya rushe. Na tambayi Hajiya asalinsu daga ina, ta ce ba ta sani ba, a goye aka fito da ita, mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, mahaifinta kuma ba mai yawan magana ba ne. Abu ɗaya ta riƙe: yakan ce ya taɓa zama a majalisa a Kaduna tare da manya. Ta ce jikokinta dariya suke yi mata, wai ina mai wankin fata ina majalisa. Na tambayi sunansa. Ta ce Haruna, ana ce masa Majemi.

Sai da na nemi wuri na zauna. Na gaya mata gaskiya ne, an rubuta shi, kawuna ya rubuta shi, har sunan ƙauyensu da na kakanta. Bakina ya riga hankalina. Sumayya ta ajiye abin da ke hannunta ta matso, ta ce wata nawa ke nan suna neman hanyar komawa ƙasar kakanninsu, ko'ina suka je ana tambayarsu garinsu da sunan wani ɗan'uwa da zai tsaya musu, kuma masu tambayar ba su yi laifi ba, aikinsu ke nan. Ta ce in dai akwai sunan ƙauye, za su nemi dangi. Ta tambaye ni sunan.

Na rufe ido na ga shafin. Yana hannun hagu, akwai tabon shayi a gefensa na ƙasa, rubutun Kawu ƙanana a kwance, yatsansa a kan layi na uku. Komai na gani ban da abin da aka rubuta. Na yi kwanaki ina jero sunayen ƙauyukan jiharmu da ƙarfi ko wani zai buga mini ƙararrawa, har matata ta fara tsorata. Na kira gida, tsofaffin da za su sani duk sun bi Kawu. Wani ya ce in bincika unguwannin majema, to wace ƙaramar hukuma ce babu majema a cikinta? Na koma kan lambar Mai Girma, tana shiga ba a ɗauka.

Na yi wata biyu ina kauce wa Ataba, idan baƙi suka ce in kai su sai in haɗa su da wani. Daga baya na ga wannan ma wata sabuwar cin amana ce, na je na faɗa wa Hajiya komai, har takardar da ta kwana a aljihuna. Tana jan carbi ta tambaye ni ko ni da idona na ga sunan. Na ce na gani. Ta ce to in zo gida in faɗa wa yaran da bakina. Ranar Juma'a bayan an sauko na je, hawa na biyar, babu lif. Na zauna a bakin katifa na ba su labarin mutumin da ya ci zaɓen cike gurbi, da akawun da ya yi shekaru yana cigiyarsa, har ya zo kasuwar nan da sanda yana tambaya tun su suna can cikin gidansu lafiya. Babu wanda ya yi dariya. Hajiya ta goge ido da bakin mayafi ta ce:

"Ashe dai akwai wanda ya neme mu."

Sumayya ce ta rako ni bakin matakala. Ta ce, "Shukran ya Ustaz, kaka ta ji daɗi, yau za ta ci abinci. Amma gobe idan na koma layin ofishin jakadanci, me zan nuna musu?" Na kama ƙarfen matakala na sauko.

To me ya rage na Kawu Isyaku bayan shekara goma sha ɗaya? Kabari a ƙasar da ba tasa ba, wanda ni kaɗai na san hanyarsa. Babu hotonsa a bangon majalisar da ya yi wa bauta, kuma aikin da ya ba rayuwarsa ni da ya amince wa na miƙa shi da hannu biyu don kada a ce ba ni da ladabi. Na daɗe ina fushi da 'yan majalisa, kuma har yanzu ina yi, amma su ba su yi masa alkawari a bakin gado ba. Abin da na iya gani ya rage shi ne gaskiyarsa ta fito: mutumin da ya ƙi yarda a manta da shi ya tabbata ya rayu, ya bar zuriya, kuma zuriyar na buƙatar abin da ke shafin nan fiye da yadda kowane biki ya buƙace shi. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa wahalar da ya sha kan sunayen bayinSa ta zame masa haske, mu kuma Ya yafe mana sakacinmu.

Roƙona ga masu karatu ɗaya ne. Idan kai ma'aikacin wata majalisa ne, ko mai shara, ko ɗan gidan wani tsohon shugaban kwamiti, ka leƙa sito da bayan kabad da cikin kwalayen da aka dawo da su daga ofis. Rajista uku ne masu baƙin bango a ɗinke wuri ɗaya, wataƙila har yanzu a cikin zane. Ban ce ka aiko mini ba, na nuna ban iya riƙo ba. Ka buɗe wajen farko-farko, ka nemi Haruna Majemi, ka karanta sunan ƙauye ɗaya ka sanar da editan wannan shafi. Hajiya Batula ta ba saba'in baya, kuma tun sanyin bara tari bai sake ta ba.